Bafulatanin da Muka Koyi Sassabe Tare

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a firamare, mahaifina ya rasu ya bar mani wani ɗan kurmi a bayan gari, can ta hanyar Jibiya. Ba wani babba ba ne, gawo ne da marke da 'yan aduwa, sai tsamiya guda. Ni kuwa haifaffen Ƙofar Durbi ne, iyakar sanina da itace in zauna a inuwarsa. Ranar Asabar nake hawa babur in je in zagaya, hannu a baya, kamar wani mai duba gari.

Wata Asabar da rani na tarar da mutum a saman gawona yana ta sara da adda, shanu a ƙasa suna cin ganye. Bafulatani ne, dogo, zai yi sa'ana. Na ɗaga murya na ce, "Kai, sauko! Wa ya ba ka izini?" Ya leƙo ya ce, "Malam, shanu ke jin yunwa, ba ni ba." Magana ta kai gaban dagaci, aka ba mu haƙuri, muka rabu kowa na hararar kowa.

Ba a daɗe ba na ji a rediyo malaman gandun daji za su ba masu ƙananan kurmi horo. Na ce bari in je, ko na daina zagaya kayan gado kamar baƙo. Ranar farko ina isa, wa zan gani a kan benci? Mutumina. Ashe shi ma yana da nasa fegin itatuwa bayan rugarsu, iyaka ɗaya da nawa. Malamar da ke koyar da mu, wata 'yar ƙaramar mace mai muryar soja, ta tambayi inda kowa yake. Da ta ji namu sai ta ce, "Maƙwabta ne ku? To, ku ne tare."

Haka muka fara aiki ba mai ce wa wani uffan. Aka koya mana sassabe, wato yadda ake rage rassa itace ya ƙara lafiya. Ka fara sara ta ƙasan reshe don kada ɓawo ya yage, ka bar kan itacen. Aka koya mana share iyaka saboda gobara, da auren mangwaro, inda na yanke babban yatsana maimakon reshen. Bai ce mani sannu ba, amma ya yagi bakin rawaninsa ya miƙo.

Ranar kiwon zuma ce ta sasanta mu. An ce kowa ya tsaya cak idan an buɗe amya. Ni da na fi kowa gyaɗa kai, zuma ɗaya na sauka a kunnena na zura da gudu, na bar takalmi ɗaya a wurin. Ya biyo ni da takalmin yana dariya har da zama a ƙasa. "Kaɗo," ya ce, "da haka ka gudu ranar da ka same ni a kan gawo, da ba mu wahalar da dagaci ba." Ban san lokacin da na fashe da dariya ba.

Da aka gama horon sai muka shirya tsakaninmu. Shi zai riƙa sassabe a kurmina yadda aka koya mana, shanunsa su ci ganye su kwana a wurin su bar mani taki. Ni kuma ina kawo irin dashe daga gari mu raba. Asabar ta zama ranar da nake jira. Mu yi aiki har azahar, mu yi salla, matarsa ta aiko da fura da nono a ƙwarya. Bai cika magana ba, ni kuwa ba na gajiya da ita, sai abin ya yi daidai. Da matata ta haihu ya zo suna da tunkiya, ya ɓata a lungunan unguwarmu, sai yara suka rako shi yana ta mita wai gari ya fi daji wuyar hanya.

Sai daji ya lalace. Aka fara kore shanun mutane, aka fara jin an ɗauke wane. Wata safiya ya same ni a makaranta, abin da bai taɓa yi ba. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, za mu tashi."

Na ce, "Zuwa ina?"

"Kudu, inda Allah ya nufa. 'Yan daji sun hana mu barci, in mun shigo kasuwa kuma ana kallonmu kamar mu ne su." Sannan ya ce, "Itatuwana dai. Ka riƙa leƙa su."

Na ce in sha Allahu. Na raka shi bakin titi, ya hau mota. Da farko mukan gaisa ta waya, daga baya lambar ta daina shiga.

Yanzu na yi ritaya. Idan hanya ta yi sauƙi nakan je, in gyara nawa in gyara nasa. Sai dai aikin ba ya ci kamar da, ni kaɗai ga girma ya kama. Na je horon nan ne don in san itace, ban san zan dawo da ɗan'uwa ba, ban kuma san na aro ba ne. Har yau ina tuna maganganun da na tanada zan gaya masa, wasu ma ba su da wani amfani, labarin an yi ruwa ne ko tsamiya ta yi 'ya'ya.

Bara wani mai gawayi ya tsayar da ni a bakin fegin nasa. Ya ce ya ji an ce wurin ba shi da kowa, ko zan bari ya sare.

Na ce, "Da mai shi. Tafiya ya yi."