Lambar da Na Gurje

Ni ɗan maƙera ne. A gidanmu a Kano, idan ƙarfe ya lalace ba a tambayar kowa, ɗauka ake yi a gyara. Karatuna bai wuce firamare ba, walda ce ta ciyar da ni a New York, a wata ma'aikatar gyaran jiragen ruwa kusa da Tompkinsville.

Wata shekara aka ba mu aikin wani tsohon jirgin ruwan yaƙi, irin mai ɗaukar jiragen sama a bayansa, wanda aka mayar gidan tarihi. A can na haɗu da wani dattijo Bature da ya yi soja a cikinsa yana saurayi. Ba biyansa ake ba, ƙauna ce ke kawo shi. Ina ce masa Baba, shi kuma ya koyi kalmar maƙeri a bakina, ita ce ta zama sunana. Yakan tsokane ni wai jirgin ya girme mu duka amma ya fi mu sauran haƙora.

Lokacin cin abinci sai ya shimfiɗa tsofaffin zane-zanen jirgin ya yi ta nuna mini. Da farko a miƙe aka yi filin saukar jiragen. Da jirage suka ƙara gudu da nauyi aka karkatar da shi gefe, aka sauya injuna da yawa. Shi ya sa, in ji shi, ƙarfe biyu kan yi kama a ido amma ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya. Ina gyaɗa kai, hankalina na kan abincina.

Burinsa guda ne, injin ɗaga kayan da ya yi aiki a kansa ya sake motsi kafin ya bar duniya. Giya ɗaya ce ta hana, wato faifan ƙarfe mai haƙora da ke juya injin, haƙoranta uku sun karye, masu ƙera ta kuma sun daɗe da rufewa. Wata Juma'a na gan ta a bokitin mai, duk tsatsa. Na ce a raina wannan ai aikin yini guda ne, bari in faranta wa Baba rai. Ran Asabar na cike haƙoran da walda, na gurje ta sai da ta yi ƙyalli, na mayar da ita bokitin ba wanda ya gan ni.

Ran Litinin Baba ya ɗauke ta yana juyawa, babban yatsansa na laluben gefenta. Sai a lokacin na ji abin da ban sani ba. Akwai ɗan'uwan jirgin a kudu da ake yankawa don 'yan gwangwan, masu yankan sun yarda su ciro masa irinta idan ya aika da lambar da aka buga a jikinta. Ya jiƙa ta ne don lambar ta fito daga ƙarƙashin tsatsa. Ni kuwa na gurje lambar tas. Zafin walda ma ya ɗan murɗe giyar, ta ƙi zama a gurbinta.

Mu uku ne masu walda. Ya tambaye mu ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kaina na ce ban sani ba.

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Maƙeri, duk wanda ya yi aikin nan, hannunsa yana da kyau."

Na koma kan aikina.

Ya aika da hoto da awo. Sau biyu suna turo giya, babu wadda ta shiga. Kafin a yi na uku sun gama yanka wancan sashen. Baba ya rage zuwa. In ya zo yakan gaishe ni kamar da, amma bai sake shimfiɗa zanen a gabana ba. Kullum ina cewa gobe zan faɗa masa, har aka gama aiki aka ja jirgin. Labarin rasuwarsa a bakin wani abokin aiki na ji.

Na tambayi limaminmu a Harlem, ya ce haƙƙin mutum sai shi ya yafe. Ban san 'ya'yansa ba, ban ma san ko ya bari ba.

Bara na je jirgin da sandata. An shafe injin da fenti, an kewaye shi da igiya. Mai zagayawa da baƙi ta ce ba zai sake aiki ba, ta wuce da su gaba.