Mayafin da Tumba Ta Ɗinka wa Ɗari

A gidanmu na Shinaka, da sanyi ya shigo, kakata Inna Hauwa takan sa a hura kara a ɗakinta bayan isha'i. Mu jikoki mu zagaye wutar, kowa ya cusa gwiwoyi cikin riga. Ita kuwa farin ƙyalle na kan cinyarta, zare kala-kala a wuyanta, allura na shiga tana fita. Ba ta iya tatsuniya hannu sake.

"Ga wata tahe, tana rawar sanyi," in ji ta.

"Ta matso ta ji wuta!" mu amsa da ihu.

Wadda na fi so ita ce ta Ɗari. Wai wata shekara ya zo gari a siffar dogon baƙo, ko riga babu. Kowa ya rufe ƙofa. Ya fusata, ya riƙa cizon jarirai, 'yan awaki na mutuwa, masunta suka kasa shiga gulbi. Sai wata yarinya, Tumba, ta fita ta tambaye shi laifin da aka yi masa.

Nan Inna takan shaƙe murya. "Yac ce, 'Damana an yi mata waƙa, kaka an yi mata buki. Ni mi anka taɓa yi min?'"

Tumba ta harhaɗa tsummoki, ta zauna bakin gulbi tana ɗinka abin da ta gani: tururin da ke tashi kan ruwa da safe, jerin agwagin ruwa, koren ganyen albasa, tsofaffi masu shan hantsi. Yatsunta suka tsage, jini ya ɗiga a ƙyallen, ta zagaye shi da zare ya zama rana. Da Ɗari ya yafa, ya ga kyan kansa, sai ya tuntsire da dariya. Tun ranar ya rage cizo, kuma duk zuwansa yakan bar wa mutane albasa da alkama.

Na taɓa miƙewa ina tsalle. "Inna, ni ma a ba ni allura!" Ta ba ni. Agwagwata ta fito kamar kwaɗo, yara suka yi ta ƙyaƙyata ni.

"Ku ƙyale min ɗiya," in ji Inna. "Gulbi na da kwaɗi."

Sai da rashin tsaro ya dawo da mu Goronyo na gane tatsuniyar. A sanyin farko na tsani garin, ko ƙofa ba na son leƙawa. Rannan na tilasta wa kaina, na ɗauki ƙyalle na zauna ina kallon fadama. Ashe abin da Tumba ta yi ke nan, ta kalli abin da kowa ya juya wa baya har ta ga kyansa.

Zanen gadon da na ɗinka fadamar da tururin safiyarta a kai, wata amarya daga Tursa ta saya. Ta shimfiɗa shi, ta dafa ƙirji ta ce, "Wallahi, Yaya, har sanyin na ji!"