Facin Idon Yayana

Bayan ruwan madatsar Bakolori ya ci gonarmu ta wajen Maradun, yayana ya koma yi wa mutane sussukar shinkafa a Birnin Tudu. Ido ɗaya gare shi, ƙyanda ta tafi da na hagu tun yana goye. A wurin shiƙa ne ƙaiƙayi ya faɗa masa a na dama.

Akwai wata tsohuwa a unguwarmu da ke fitar da abu daga ido da harshenta. Ta lashe, ta tofar, ta ce ya fita. Matarsa ta ɗiga masa ruwan nono. Ni kuma na yi masa rubutu ya sha. Ya ɗaure idon da tsumma ya koma aiki, don ba a jiran mai ciwo lokacin girbi.

Baƙin idon ya yi gyambo. Wata safiya yana alwala, ruwa mai ɗumi ya zubo masa a kunci.

Ya ce, "Malam ƙarami, duba mini, kuka nake yi ban sani ba?"

Daga asibitin Mafara aka tura mu babban asibitin ido. Likita ya ce idon ya huje. Zai jawo tantanin da ke kan farin idon ya rufe hujin ya ɗinke, don kada ƙwayar ta tsiyaye.

Yayana ya ce, "Faci ke nan, kamar tayar keke. To, zan gani?"

"Haske kawai, Baba. Gani sai an samu baƙin idon mamaci an dasa maka."

"A ina ake samu?"

Likita ya ce sai wani ya yi wasiyya kafin ya rasu, ko iyalansa su yarda, kuma a nan ba a bayarwa.

Aka yi aikin, facin ya kama. Yana bambanta rana da inuwa, iyakarsa ke nan. Da na ja shi zuwa masallaci sai ya tambaye ni ko asibiti sun aiko.

Shekarun nan an yi rashe-rashe, kuma ni ake kira wankan gawa. Da hannuna nake rufe musu idanu, lafiyayyu, biyu-biyu. Ban taɓa iya buɗe baki na roƙi iyalan kowa ba, kuma ban san malamin da zan tambaya ko ya halatta ba.

Da mutuwar yayana ta zo, Allah ya jiƙansa, ni na wanke shi.