Kifayen Zanen Mahaifiyata

Abin da mahaifiyata ta bar mini bai wuce zane guda ba. Atamfa ce, da ta koɗe sai ta kai marina aka tsoma ta ta dawo baƙa wuluk. Haka matan da suke yi, ba a yar da tufa don ta tsufa. Ina ƙanƙanuwa ta rasu, fuskarta ma ta ɓace mini, hoto kuwa babu. Amma na san kafin rini akwai kifaye a jikin zanen, don a kansu nake kwantar da kumatuna idan ta goya ni.

Bara na fara mantuwa. Na bar wake a wuta ya ƙone, na kira jikata da sunan 'yar'uwata da ta mutu. Ran nan ina shanya zanen na ce wa 'yata ta fari ta dubi zanen kifi. Ta dubi baƙin ƙyalle, ta dube ni. Daga baya na ji ta a zaure tana waya da ƙanenta, wai Inna ta fara ganin abin da babu, gara a ɗauke ta daga Kagarawal a kai ta gidan ita 'yar tawa a Arawa. Ni da na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura a kaina har na iya rubuta wannan, ni za a mayar kaya?

'Yar tawa malama ce a jami'a. Wata Asabar da hantsi ta zo da kwamfuta da wata kyamara mai tsawon ɗan yatsa, ta ce tana gwada auna tarin hatsi da ita ba tare da mudu ba, ɗakina kuma akwai buhuna. Wai abin yana fesa wani haske da ido ba ya gani, da shi yake sanin nisan komai. Na ce to, an fara, yanzu kuma waye mai ganin abin da babu?

Ta rufe taga ta kunna. Da fari allon baƙi ƙirin. Ta ce hoton yana nan, duhu ne ya yi masa yawa, ta ja wani abu a hankali. Sai ga ɗakina ya taso kamar wayewar gari. Ɗige-ɗigen haske ko'ina, a bango, a buhu, a jikina, kamar bayan zabuwa. Na shafa hannuna, ba komai. Na dubi allo, suna nan.

Ta kashe ɗigon, duhu ya dawo, ta ɗan buɗe taga, ta ce rana ma tana da irin hasken. Hoton ya fito da tsakuwa-tsakuwa, sai ta sa na'urar ta ɗauki da yawa ta haɗa su wuri guda, ya kwanta sumul. Na ga wata tsohuwa da farin hijabi. Nawa baƙi ne. Na ɗaga hannu, ta ɗaga, amma lallen da na ƙunsa babu shi, sai jijiyoyi kwance kamar saiwa. Malama ta ce wannan hasken ratsa wasu rinin yake yi, kamar ba a taɓa yin su ba.

Ban tsaya jin sauran ba. Na buɗe akwati na ɗauko zanen.

«Inna, ba lallai ya nuna komai ba fa,» in ji ta. Na gane tsoro take ji kar in kunyata.

«Ke dai haska. In babu, ki kira mai keke ya kai ni Arawa yau ɗin nan.»

Muka shimfiɗa shi a kan gado. Ya fito fari fat, ba komai. Ta rage haske, ta ce farin ne ya cinye hoton, ta ƙara wa baƙin ƙarfi kaɗan-kaɗan. Wata inuwa ta fara motsowa daga cikin farin. Wutsiya na fara gani, sannan ƙaya, sannan ido. Jere suke, kowane ya bi bayan ɗan'uwansa, har bakin zanen. Sun fi yadda nake tunawa ƙanƙanta. Ashe ni ce ƙarama a lokacin.

Na yi niyyar in yi mata gori, na ma tanadi maganar. Sai ga shi tasbihi kawai nake yi. Shekara da shekaru ina wanke wannan zane ina ninkewa, suna ciki suna jira, kuma Allah Ya ajiye wani haske a cikin rana tun fil azal wanda zai nuna su.

Malama ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa a kan zanen, tana duban allo don ta san inda kifin yake. Da murya ƙasa-ƙasa ta tambaye ni ko kakarta doguwa ce. Ba ta taɓa tambaya ba.

Mantuwar wake dai tana nan, ban ce ta tafi ba. Mun daidaita a kan jikata ta riƙa kwana wurina. Ranar kuwa hatsi bai samu awo ba, tana zaune a tabarma ina ba ta labari har aka kira la'asar.