Mai Walda a Taron Iyaye

A taron iyaye na makarantar 'yata ana muhawara kan rufe ajin yaran da karatu ke ba wuya. Ga wani ƙaton mai walda ya miƙe daga bencin baya, hannuwansa duk tabon wuta, yana ta murza hularsa.

"Malam, ni ma haruffa rawa suke min a ido," yake gaya wa shugaban makarantar. "Daƙiƙi ake kirana, har na gudu. Ɗana yana wannan ajin, jiya ya karanta min sunana."

Yana dariya. Da alama bai taɓa faɗin wannan cikin mutane ba. Kafin ya zauna, matar da ke gefena ta ɗaga hannu.

"Malam, ni ma ina da magana."