Mainasara, Mai Hoton da ke Durƙusawa

Ina kan keken ɗinki da hantsi, a shagona da ke bakin tashar Kaura Namoda, Mudi ɗan kabu-kabu ya tsaya a ƙofa bai ko kashe babur ba. Ya ce, "Armiya'u, sai haƙuri. Mainasara mai hoto ya cika ɗazu." Na yi salati, na ɗaga kai, sai idona ya faɗa kan hoton mahaifina da ke rataye a bango. Mainasara ne ya ɗauke shi. Wanda duk ya san yadda aka yi hoton nan ya san abokina.

Mainasara ɗan Kasuwar Daji ne, gajere, mai faɗin kafaɗa, mai dariyar da ake ji daga nesa. Ya koyi hoto a wurin wani Bayarabe a Gusau. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, kowa na neman ɗan hoton fasfo don neman aiki a sabuwar gwamnati, sai kasuwa ta buɗe masa. A nan ya sayi kyamara ta hannu da wani tsohon babur, ya riƙa zagaya Zurmi da Shinkafi har Galadi, wurin suna da walima da bikin makaranta.

Da Shari'a ta zo, bukukuwa suka canja. Maza gefe, mata gefe, kiɗa ya yi sauƙi, masu hoto da yawa suka koma wata sana'a. Shi bai koma ba. Ya ce akwai aikin da ba wanda ya taɓa yi: tsofaffin ƙauye suna ta tafiya, jikokinsu ba za su san ko kamannin fuskarsu ba.

Da mahaifina ya so ya fara, Malam Halilu na Birnin Tsaba. Baba ya tsufa ƙwarai, ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa, kullum yana kan buzunsa a zaure, ga buta a gefe. Bai taɓa yin hoto ba, kuma duk mun san lokaci ya ƙure. Mainasara ya je ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi buƙatarsa.

Baba ya ce, "Ɗan nan, na ga yadda kuke yi. In zauna ƙasa, yaro ya tsaya bisa kaina, ya kanne ido guda yana auna ni kamar maharbi ya ga zomo? Ba da ni ba."

Mainasara bai yi gardama ba, don shi ma abin ya daɗe yana damunsa. Ya tashi a gidan da ba a tsayawa a kan babba. A hanyar dawowa ya ce mini, "Baba na da gaskiya. In na tsaya, na yi rashin kunya. In na sauke kyamarar daidai fuskarsa, sai na kwanta rub da ciki kamar ƙadangare kafin in leƙa. Wanne ne ba abin kunya ba?"

A Gusau, wurin da ake wanke masa hotuna, ya ga maganin abin. Wani ɗan bututu ne mai lanƙwasa, da madubi a ciki, ana maƙala shi a inda mai hoto ke sa ido. Da shi mutum zai ɗora kyamara a kan gwiwarsa, ya sunkuyar da kai ya leƙa ta sama, ya ga abin da ke gabansa. Saboda kamarsa da lofen taba, Mainasara ya raɗa masa lofe, sunan kuma ya bi shi.

Na shagon Gusau na kamfani ne, a cikin akwatinsa mai laushi, haske tar kamar ido. Sai dai in zai saye shi sai ya sayar da babur, in kuma babu babur, babu ƙauye. A kasuwar Shinkafi kuma, a shimfiɗar wani mai kayan gwanjo da ke shigo da kaya daga Maraɗi, ya tsinci wani marar suna, fentinsa ya koɗe, kuɗinsa bai kai na tayar babur ba. Na ce masa, "Mutumina, abin da ko mai yin sa ya ji kunyar sa masa suna?" Ya ce, "Kai ma wa ya san sunan wanda ya ƙera almakashinka?" Ya saya.

Abin da mai gwanjo bai faɗa ba shi ne, lofen nan juya duniya yake yi. Abin da ke dama sai ya nuna shi a hagu. Mainasara ya lura tun a gida, amma ya ɗauka ƙaramin abu ne.

Ya koma Birnin Tsaba, ya durƙusa a gaban Baba kamar mai gaisuwa, kyamara a gwiwa, kai a sunkuye. Baba ya dube shi ya ce, "To, haka kam na yarda. Amma sau guda, ka ji ko?" Ana cikin haka ladan ya kira la'asar, Baba ya miƙa hannu wajen buta. Mainasara ya ga tsohon ya karkata gefe a cikin madubi, ya yi sauri ya bi shi da kyamara, ya danna. Hannunsa ya bi abin da ido ya gani, ya tafi inda babu Baba.

Da aka wanko hoton, ga buta nan a tsakiya, kyakkyawa, har tsatsar murfinta ta fito. Na Baba kuwa, kunne guda da gefen rawani.

Mainasara ya kawo mini hoton shago. Na ce ya sayar da babur ɗin kawai ya sayi na kamfani, zan riƙa ara masa kekena na hawa. Ya girgiza kai. Ya ce, "Lofen bai yi ƙarya ba, juyawa kawai ya yi. Hannuna ne bai iya ba. Kuma ko na sayi na zinari, sau gudan da Baba ya ba ni na riga na ɓata shi."

Daga ranar na zama abin gwajinsa. Kullum da yamma sai ya zo shago da kyamara babu fim, ya durƙusa a ƙofa, ya ce in yi ta kai da kawowa. Masu wucewa na dariya, suna cewa tela ya samu mai yi masa fadanci. Shi ko a jikinsa. Ya bi awakin tasha da kyamara, ya bi kaji, ya bi masu tallan fura, har hannunsa ya koyi saɓa wa idonsa ba tare da ya yi tunani ba.

Saura komawa wurin Baba, wanda a lokacin har abinci ya fara ƙi. Na ba shi shawara ya ce fim ɗin ne ya ƙone. Ya ce, "In durƙusa gaban dattijo don ladabi, sannan in yi masa ƙarya?" Ya ɗauki hoton butar, na raka shi, ya miƙa wa Baba da hannu biyu.

Baba ya kai hoton kusa da ido, ya daɗe yana dubawa. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Wagga buta ta fi ni sa'a! Ɗan nan, ita ka zo ɗauka, ko ni?"

"Kai na zo ɗauka, Baba. Na yi kuskure."

"To, ba ni bari buta ta riga ni shiga bango. Armiya'u, kawar da ita nesa, kar ta sake shiga gabana."

Dariyar ba ta gama barin fuskarsa ba Mainasara ya danna. Shi ne hoton da ke shagona: Baba a kan buzunsa, yana kallon mutum ido da ido, babu wanda ke bisa kansa. Kafin a yi girbin gero ya rasu.

Labari ya bazu. Tsofaffin da suka ƙi kowa suka riƙa aikowa a kira musu yaron nan mai durƙusawa. Daga Zurmi har rugagen Galadi, da wuya ka shiga zauren da ba ka ga aikinsa ba, kuma da ka gani za ka gane, don duk daga ƙasa aka ɗauke su.

Bara Alhaji Muhtari, wani ɗan kasuwar Shinkafi da Mainasara ya ɗauki mahaifinsa, ya kawo masa tsarabar lofe na kamfani daga Makka, irin wancan na Gusau sak. Mainasara ya yi murna kamar yaro. Ya maƙala, ya leƙa, ya juya kyamara, sai ga shi ya nufi inda ba kowa. Na kamfani ba ya juya komai, hannunsa kuwa ya riga ya saba. Ya mayar da shi akwati ya ajiye, yana nuna wa baƙi.

Ana gobe zai rasu na je duba shi. Zazzaɓi ya cinye shi, amma idonsa na nan. Ya nuna mini akwatin, ya ce a ba duk mai hoton da zai fara, don ya huta da wahalar da ya sha. Na ce, "Tsohon lofen fa?"

Ya ce, "Kai za ka riƙe. Ka rataye kusa da Baba."

Na ce, "In rataye abin da ya fifita buta a kan ubana?"

Ya yi murmushi ya ce, "Ai ya biya, Armiya'u. Je ka duba bangonka."