Shekarar da Rijiyarmu Ta Zama ta Kowa

Ɗazu ana kwaɓa ƙasa a bayan ɗakina za a yi yaɓe, sai warin laka ya shigo mini. Warin nan na san shi tun ina 'yar yarinya mai ɗaukar tulu.

Ku saurara ku ji. A ƙofar gidanmu akwai rijiya, kakana ne ya haƙa ta. Duk bazara shi yake sa a shiga a yashe ta. Unguwa kaf a nan take sha, amma rijiya tasa ce.

Ana nan, ana nan, lokacin cirar gyaɗa, sai baffana, ƙanen mahaifina, ya dawo daga kasuwar Ɗanbatta da labari. Wai an faɗa a rediyo ƙasa ta zama jamhuriya. Ta fita hannun Sarauniyar Turawa, kuma ba gadon gidan kowa ba ce.

Kakana ya ce, "To wa ke da ita?"

"Kowa da kowa, Baba. Ai ko rijiyar nan haka ya kamata ta zama."

"Kai da akuyarka ɗaya ta gagare ka ɗaurewa? To, na bar muku. Daga yau ta kowa ce."

Bazara ta zo, rana kamar wuta. Kowa yana jiran maƙwabcinsa ya kira yasa, babu wanda ya kira. Na zura guga, ya fito rabinsa laka. Inna ta tace da tsumma, ta sake tacewa, warin yana nan. Ƙanwata, wadda ba a daɗe da yaye ta ba, ta kamu da gudawa. Idanunta suka faɗa, kukanta ya koma kamar na ɗan mage. In na sauke tulu, sai in tsaya bakin ƙofa ina sauraron ko tana numfashi.

Magidanta suka taru bayan la'asar, suka roƙi kakana ya karɓi abarsa. Ya ƙi.

Ya ce, "Abin da na bayar na bayar. Ku zaɓi mutum ya tsaya mata. Ranar da ya yi sakaci, ku sauke shi ku ɗora wani."

Suka zaɓi baffana, tunda shi ya jawo. Na gan shi da igiya a ƙugu, ana zura shi cikin rijiya. Ruwa ya yi garau. Ƙanwata ta tashi, da ƙyar.

Da tafiya ta yi tafiya, fataucin shanu ya ɗauke masa hankali, wata bazarar ya ƙi leƙa rijiya. Mutanen nan dai suka sake zama, suka sauke shi a gaban ubansa. Ya kumbura, ya yi ta ƙunƙuni, amma ya miƙa igiya.

Ni ban yi boko ba. In an ce jamhuriya, igiyar nan nake gani tana barin hannu tana shiga wani.

Yau rijiyar ta rufta. Famfon burtsatsen da aka yi mana ya lalace tun bara, yara sun koma kududdufi. Wanda muka dangwala wa yatsa bai sake waiwayarmu ba. Na ce da 'ya'yana su taru su kira shi, suka yi dariya, wai "Inna, wa ya isa?" Ɗorawa mun iya, saukewar ce ta ɓace mana.

Ga shi jikata tana shirin yaye 'yarta. Na ce mata ta dakata tukuna, sai ruwa ya sauka.